Gyara Kayanka Ko Sauke Mu Raba? Tunani a Kan Tawayen Kora



Wata shekara da damana aka kira ni sulhu a wata ƙaramar ekklesiya ta ƙasar Kalgo. Ba zan faɗi sunan garin ba, gama mutanen suna nan da ransu. Da kakar da ta wuce sun tara baikon godiya, gero da dawa da shinkafa, aka sayar domin a sayi kwano a rufe majami'a. Ruwa ya sāke sauka, kwano bai zo ba. Sai wani dattijo ya tashi a taro, ya roƙa a karanta wa jama'a lissafin kuɗin. Ran Lahadi mai zuwa mai bishara ya buɗe Littafin Lissafi sura 16, ya yi wa'azi a kan Kora wanda ya tayar wa Musa da Haruna, idonsa kuwa bai bar kan dattijon nan ba har ya gama. Cikin mako biyu ekklesiya ta rabu. Wani mutum mai baki, wanda ya daɗe yana ganin shi ya kamata ya riƙe wurin, ya janye samari zuwa gindin wata darbejiya, yana ce musu dukanmu muna da Ruhu Mai Tsarki, ina ruwanmu da wanda aka aiko mana daga gunduma?

Da na iso, kowane gefe tambaya ɗaya ya yi mini: Fasto, wane ne Kora a cikinmu? Tambayar ta fi ƙarfin ƙauyen nan, shi ya sa na kawo ta nan. Yaushe ne tsawata wa shugaba ya ke zama aikin Allah, yaushe kuma ya ke zama tawaye? Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma daga nesa masu faɗin maganganun nan biyu kamarsu ɗaya, dukansu suna nuna kayan da hannu. Yaya za mu rarrabe su?

Abin da ya faru a jeji

Kora ba baƙo ba ne, ba kuwa ƙaramin mutum ba. Ubansa Izhara da Amram uban Musa da Haruna wa da ƙane ne, 'ya'yan Kohat ɗan Lawi. Watau Kora ɗan baffan Musa ne. Aikin gidansu kuwa shi ne mafi daraja cikin ayyukan Lawiyawa: su ke ɗaukar sanduƙin alkawari, da teburi, da ma'ajin fitilu, da bagadai, duk sa'ad da zango ya tashi. An ba sauran Lawiyawa kekunan shanu domin kayansu, amma Kohatawa a kafaɗa su ke ɗauka saboda tsarkin kayan. Sai dai akwai iyaka. Haruna da 'ya'yansa su ke shiga su lulluɓe kayan tukuna, Kohatawa ba su da izinin taɓawa ko leƙawa. Kora ya yi ta ɗaukar abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Bayan wannan, da aka naɗa shugaban Kohatawa, sai aka ɗauki Elizafan ɗan Uzziyel, ɗan autan gidan, aka tsallake gidan Izhara. Littafi bai ce wannan ne ya ɓata wa Kora rai ba, amma duk wanda ya san gidan sarauta a ƙasar Hausa ya san yadda irin wannan ya ke ci a zuciya.

Zangon Kohatawa yana kudu da alfarwa ta taruwa, kabilar Ra'ubainu ma kudu ta ke. Ra'ubainu shi ne ɗan farin Yakubu, amma sarauta ba ta zo gidansa ba, firistanci ma bai zo ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kora ya sami Datan da Abiram daga cikin Ra'ubainawa, suka jawo mutum 250, dukansu sanannu, waɗanda a kan kira su majalisa. Suka tsaya gaban Musa da Haruna suka ce sun yi yawa, tun da ya ke jama'a duka tsarkaka ce, Ubangiji kuwa yana tsakiyarta.

Musa ya fāɗi rubda ciki. Da ya tashi bai kira mayaƙa ba, ya miƙa shari'ar ga Allah: kowa ya kawo kaskon turarensa da safe, a ga wanda za a karɓa. Ya aika a kira Datan da Abiram, suka ƙi zuwa, har suka juya magana suka kira Masar, ƙasar bautarsu, ƙasa mai albarka. Kashegari ƙasa ta tsage ta haɗiye masu tawayen da alfarwansu, wuta kuma ta cinye mutum 250 ɗin. Aka umarci Ele'azara ɗan Haruna ya tsince kaskunan tagulla daga cikin toka, aka buga su suka zama marufin bagade, domin duk mai kawo hadaya ya gani ya tuna. Duk da haka da gari ya waye jama'a suka ce Musa da Haruna ne suka kashe mutanen Allah, annoba ta fāɗo ta ci mutum 14,700. Daga baya aka ajiye sanduna 12 a cikin alfarwa, na Haruna kaɗai ya yi toho, ya yi fure, har ya ba da 'ya'ya cikin dare ɗaya.

Maƙwabtanmu Musulmi sun san mutumin nan da sunan Ƙaruna. Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Ƙasas, mutum daga jama'ar Musa wanda ƙasa ta haɗiye, shi ya sa har yau Bahaushe in ya ga mai dukiya da girman kai sai ya tuna da Ƙaruna. A can dukiyarsa a ke dubawa, a Attaura kuwa kwaɗayinsa na matsayin da ba a ba shi ba.

Gaskiyar da ke bakin Kora

Abin da ya sa labarin nan ya ke da wuya shi ne, Kora bai fara da ƙarya ba. Allah da kansa ya faɗa wa Isra'ila a Dutsen Sina'i za su zama al'umma keɓaɓɓiya, mulki na firistoci (Fitowa 19). Kora ya ɗauki maganar Allah ce ya yi sanda da ita. In da ƙarya zalla ya kawo, da bai sami mutum 250 masu hankali ba. Tawayen da ya ke rushe jama'ar Allah kusan kullum da aya a bakinsa ya ke zuwa.

Ina fa kuskurensa? Musa ya sa yatsa a kai sa'ad da ya tambaye shi ko ya raina aikin da aka ba shi ne har ya ke neman firistanci kuma. Ku duba da kyau. Mutumin da ya ce kowa daidai ne, da safe sai ga shi da kaskon turare a hannu, tsaye a wurin Haruna. Bai nemi a kawar da kujerar ba, bai nemi a gyara abin da mai kujerar ya ɓata ba, so ya ke a sauke mai ita shi ya hau. Bai kuwa iya nuna laifi ko ɗaya ba. Musa ya shaida gaban Allah bai taɓa karɓar ko jakin wani ba, ba kuwa wanda ya tashi ya ƙaryata shi.

Abin da ƙasarmu ta gani

Mu da ke zaune a ƙasar Gwandu ba sai mun je jejin Sina'i kafin mu ga gwajin nan ba. Ba ina kwatanta kowa da Musa ko da Kora ba ne, gama sha'anin daban ne, addinin ma daban. Amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce, mai hankali kuwa ya kan koya daga tarihin ƙasar da ya ke shan ruwanta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. A lokacin akwai manyan malamai biyu waɗanda kowannensu yana da dalilin jin an tauye shi. Na fari Malam Abdussalami na Gimbana, Ba'are, almajirin Shehu tun da wuri. Harin da Sarkin Gobir Yunfa ya sa aka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan nasara ya ga ƙasar da aka ba shi ba ta kai wahalarsa ba, in aka gwada da rabon waɗansu. Ya zauna a Kware, arewa da Sakkwato, ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, abin ya kai ga yaƙi. A farkon 1818 aka ci Kware, shi kuwa ya rasu a Bakura da raunin da ya samu. Yawancin abin da mu ka sani game da rigimar daga alƙalamin Bello ya fito, watau wanda ya yi nasara, saboda haka ba namu ba ne mu yanke wa Abdussalami hukunci. Mai yiwuwa ne ƙararsa tana da gaskiya a ciki. Abin da mu ka iya gani shi ne inda hanyar ta kai: gari ya rushe, mutane suka watse.

Na biyu shi ne Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda kabarinsa ya ke nan Gwandu. In maganar cancanta ce, wa ya kai shi? Shi ne wazirin Shehu, shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto a 1804, shi ya ci Birnin Kabi a 1805, ga ilmi wanda ba mai musu. Ba kuwa mai rufe baki ba ne. Tun jihadi bai ƙare ba ya ga son duniya ya shiga zukatan waɗansu shugabanni, ya faɗa a fili, har ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya Kano ya rubuta wa mutanenta yadda mai mulki zai yi adalci, sa'an nan ya komo. Amma da Shehu ya rasu ya taho Sakkwato, sai ya iske an riga an yi wa ɗan wansa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ya juya da baƙin ciki. Yana da mayaƙa, yana da almajirai, yana da dukan yammacin daula a hannunsa, amma bai ja su zuwa Sakkwato ba.

Bayan 'yan shekaru sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka tsananta wa Abdullahi, Bello ya taho da runduna ya taimake shi. Masu tarihi sun ce da suka sadu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Daga nan Gwandu da Sakkwato suka zauna kamar wa da ƙane har zuwan Turawa a 1903. Ga mutum wanda ya iya cewa gyara kayanka da babbar murya, amma da aka hana shi kayan bai ce a sauke a raba ba.

Ƙarar da Allah ya karɓa

Kada wani ya ce Littafi Mai Tsarki ya hana ƙara. A cikin Littafin Lissafi ɗin nan, sura 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad suka tsaya a ƙofar alfarwa, gaban Musa da Ele'azara da dukan shugabanni, suka ce dokar gādo za ta shafe sunan ubansu don bai haifi namiji ba. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, amsa ta zo cewa gaskiya ce su ke faɗi, aka ƙara doka sabuwa saboda su. A Ayyukan Manzanni sura 6 masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana manta da gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su karanta musu labarin Kora ba, suka ce a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, gaban kowa, Bitrus kuwa ya riga shi zama manzo (Galatiyawa 2).

In muka jera waɗannan da Kora za mu ga alamu uku. Ta fari, mai gyara ya kan kira laifin da sunansa: gādon nan, abincin nan, kuɗin kwanon nan. Mai tawaye ba ya tsayawa kan abu ɗaya, in an amsa wannan sai ya ɗauko wancan. Ta biyu, mai gyara ya kan zo ƙofar alfarwa ya yi magana inda wanda a ke ƙara zai ji ya amsa. Mai tawaye ya kan fara da zagaya alfarwai da dare, in an kira shi zama kuma ya ƙi zuwa kamar Datan da Abiram. Ta uku ita ce mafi girma: in an gyara kayan, mai gyara ya kan yi murna ya koma gonarsa, mai tawaye kuwa ransa ya kan ɓaci, gama gyaran ya ƙwace masa dalili.

Magana ga mu shugabanni

Yanzu bari in juyo kanmu, fastoci da masu bishara da dattawa, gama mun fi kowa son surar nan, mun kuwa fi kowa ɓata ta. Mu tuna ba mu ne Haruna ba. Haruna da bakin Allah aka kira sunansa, sandansa ya yi fure gaban shaidu. Mu kuwa 'yan'uwa ne suka ɗaga hannu suka zaɓe mu, ko majalisa ta aiko mu da takarda. Aikin na Allah ne, amma hannun mutane ya sa mu, hannun mutane kuwa ya kan yi kuskure. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta koya mana Babban Firist ɗaya ne ya rage, Yesu Kristi, Bitrus kuma ya ce masu bi duka firistoci ne a ƙarƙashinsa. Saboda haka ainihin zunubin Kora a yau shi ne mutum ya tsaya a wurin Kristi. Wanda ya fi kusa da fāɗawa cikinsa kuwa shi ne shugaban da ya ce ba mai ikon tambayarsa sai Allah.

Ko a jeji ma matsayi bai zama garkuwa ba. Wutar da ta cinye mutum 250 ita ce ta riga ta cinye Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna na cikinsa, sa'ad da suka miƙa abin da ba a umarce su ba. 'Ya'yan Eli firistoci ne na halal a Shilo, amma da suka riƙa sa cokali mai yatsa uku cikin tukunyar masu hadaya suna ƙwace nama, aka kawar da gidansu. Bulus ya ce wa Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma in laifi ya tabbata a tsauta masa gaban kowa. Rabin farko muna sonsa, rabin na biyu mu kan tsallake.

Wanda ya ke so ya ari rigar Musa sai ya ari halinsa duka. Musa ya fara da fāɗuwa ƙasa. Ya iya buɗe hannunsa ya ce ba jakin kowa a wurinsa. Kai fa, za ka iya buɗe littafin baiko? Da Allah ya ce zai hallaka jama'ar duka, Musa da Haruna suka yi roƙo domin mutanen da su ke zaginsu. Da annoba ta fara, Haruna, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɗauki kasko ya sheƙa a guje cikin taron da jiya ya ke neman sauke shi, ya tsaya da turare tsakanin gawawwaki da waɗanda su ke da sauran numfashi, har annobar ta tsaya. A nan ne aka ga bambancin kaskon Haruna da na Kora, tun sanda bai yi fure ba. Babba juji ne, in ji Hausawa. Wanda ba zai iya zama juji ba kada ya nemi zama babba.

Wani zai ce, to, yau ƙasa ba ta tsagewa, sanda ba ya toho, wa zai raba mu? Gaskiya ne, mu kuwa gode wa Allah, gama da hukuncin nan yana sauka kowace Lahadi da majami'u da yawa sun zama ramuka, da mumbarinsu duka. Abin da aka bar mana shi ne Maganar Allah, da shaidu, da majalisar ekklesiya, da haƙuri. Hanyar nan tana da jinkiri, wani lokaci ma mai gaskiya ya kan sha kaye a cikinta. Ban ɓoye muku wannan ba. Amma Dawuda ya sami Saul a hannunsa sau biyu ya ƙi taɓa shi, bai kuwa fasa gaya masa laifinsa da babbar murya ba. Jira bai hana shi sarautar da Allah ya nufe shi da ita ba.

'Ya'yan Kora

Labarin bai ƙare a bakin rami ba. Lissafi 26 ya gaya mana 'ya'yan Kora ba su mutu tare da ubansu ba. Zuriyarsu suka zama masu tsaron ƙofa da mawaƙa a Haikali. Annabi Sama'ila daga gidan nan ya fito, jikansa Heman kuma yana cikin shugabannin mawaƙa a zamanin Dawuda. Zabura 11 suna ɗauke da sunan 'ya'yan Kora, a cikin ta 84 kuwa mawaƙin ya nuna ya fi son tsayawa a bakin ƙofar gidan Allah da kowane wurin zama na mugaye. Matsayin da kakansu ya raina, su suka mai da shi waƙa. A ƙasarmu ma haka: Buhari ɗan Abdussalami ya yi sulhu da Gwandu, ya kafa Jega, garin ya zama babbar kasuwa, duk wanda ya bi hanya daga Kalgo ya gangara can zai gani da idonsa. Rigimar uba ba dole ta zama gādon ɗa ba.

A ƙauyen nan kuwa, mun zauna kwana biyu. Aka kawo littafin kuɗi aka karanta. Ashe mai bishara ya ranta wa surukinsa kuɗin ne ya sayi taki, bai gaya wa kowa ba, kunya kuma ta sa ya ɓuya bayan Musa. Ya tashi gaban jama'a ya roƙi gafara da hawaye, aka sa ranar biya bayan girbi, ya kuwa biya. Aka so a naɗa dattijon nan ma'aji, ya ce a'a, shi lissafi ya roƙa, ya kuwa ji, a ba mai ido da ya iya rubutu. Mutumin gindin darbejiya mun aika masa sau uku, bai zo ba. Samarin suka komo ɗaya ɗaya, shi da gidansa ba su komo ba, ekklesiya kuwa ba ta daina yi musu addu'a ba. Ban amsa musu tambayarsu da suna ba, ba kuwa wanda ya sāke yi mini ita.

Ya ɗan'uwa, kafin ka tashi a taro ka nuna kayan shugabanka, tambayi zuciyarka: in ya gyara gobe, zan yi murna? Kai kuma shugaba, kafin ka buɗe Lissafi 16 a kan wani, tambayi taka: in annoba ta fāɗa wa mutumin nan yau, zan ruga da kasko domin in cece shi? Ubangiji ya ba mu gaskiyar amsawa, ya kiyaye ekklesiyarsa cikin salama. Amin.